Amsar Baffa kan dutsen Shravanabelagola

Ɗana, saƙonka ya iso ni lafiya. Ka ce abokin karatunka a Bangalore, mabiyin addinin Jain, ya nemi ka raka shi Shravanabelagola, kana son sanin me ya sa suke girmama wurin haka, kuma me ya sa aka ce sai an tuɓe takalmi tun daga gindin dutse. Na ji daɗi da ka tambaya kafin ka tafi. Ni ma na hau dutsen nan lokacin da nake karatu a ƙasar Indiya, har yau ina tuna zafinsa a tafin ƙafata.

Irin wannan wurin ziyara su "tirtha" suke ce masa, ma'anarsa mashigin kogi, inda matafiyi ke samun ƙetarewa. A aƙidarsu duniya kogi ce ta haihuwa da mutuwa da sake haihuwa, manyan malamansu 24 kuma, daga Rishabha har zuwa Mahavira, su ne suka nuna mashigin. Ba su yarda da mahalicci ba, kuma ba su cewa wanda ya ƙetare zai waiwayo ya biya wa wani buƙata. Asalin abin da ke kai su can shi ne su dubi wanda ya bar duniya, su auna kansu da shi.

A saman dutsen Vindhyagiri za ka tarar da mutum-mutumin Bahubali, tsayinsa wajen ƙafa 57, an sassaƙa shi daga dutse guda. Wani waziri kuma kwamandan yaƙi na daular Ganga, Chavundaraya, shi ya sa aka yi shi wajen shekarar 981. Labarin Bahubali ne zuciyar wurin. Ɗan Rishabha ne, kuma rigimar sarauta ta shiga tsakaninsa da wansa Bharata. Don kada a zubar da jinin dakaru, aka ce su biyun su kara da kansu: kallon ido cikin ido, watsa ruwa, sai kokawa. Bahubali ya yi nasara a duka. Nan take kuma ya ji ƙyamar abin da ya aikata, a kan ƙasa ya ƙasƙantar da ɗan'uwansa. Ya bar masa mulkin, ya tafi daji ya tsaya cak shekara guda yana tunani, har kurangar daji ta nannaɗe masa ƙafafu da hannuwa, gara ta yi suri a gefensa. Duk za ka gan su an sassaƙa a jikin dutsen. Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙarshen labarin: sun ce duk da wannan wahala bai sami abin da yake nema ba, saboda sauran girman kai, yana jin haushin cewa a ƙasar wansa yake tsaye. Sai da wannan ya fita daga ransa. Mu da muka ga yadda rabon gado ke raba 'yan uwa ciki ɗaya, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Za ka ga ba tufafi a jikinsa. Kada ka yi dariya, kada ka nuna da yatsa. Wurin na ɓangaren Digambara ne, waɗanda manyan masu zuhudunsu maza ke barin komai har sutura, alamar ba su mallaki ko zare ba. Duk bayan kimanin shekara 12 ana babban biki, a kafa dandamali a kwarara masa madara da ruwan rake da kurkur da garin itacen sandal mai ƙamshi daga ka har ƙafa. An yi a 2006, an yi a 2018. Dutsen da ke fuskantarsa, Chandragiri, a ruwayarsu can ne sarki Chandragupta Maurya ya ƙare rayuwarsa bayan ya sauka daga gadon mulki.

Batun takalmi, girmama wuri ne, kuma yana haɗe da ƙa'idarsu mafi girma, wato kada a cutar da mai rai ko da ƙwaro ne. Shi ya sa ba su son fata a wurin ibada, saboda haka bel da walat na fata ka bar su a masauki. Kilishin da mahaifiyarka ta aika maka ma kada ka ɗauko shi. Masu tsanantawa cikinsu ko albasa da dankali ba sa ci, ba sa cin abinci bayan faɗuwar rana.

Kai Musulmi ne, ka je a matsayin baƙo. Ba za ka rusuna ba, ba za ka zuba komai ba, ka gaya wa abokinka haka tun a hanya cikin ladabi, na tabbata zai fahimta. Matakala sun haura 600, an fafe su a jikin dutsen, ka fara hawa da sanyin safiya bayan ka yi asuba, ka riƙe ruwa. Idan ka dawo ka kira ni, innarka ma tana son jin muryarka.

Baffanka.