Ina jigon yake a labarin "The Lottery"?

Malama, kin ce kin karanta gajeren labarin nan na Shirley Jackson, wanda ya fito a mujallar The New Yorker a 1948, kin rasa jigonsa, kuma ba ki ga mugu a ciki ba. To, ai rashin mugun nan shi ne maganar.

Ki fara da wuri da lokaci. Safiyar 27 ga Yuni ce, gari ya waye tangaran, furanni sun buɗe, ƙauyen mutum wajen 300 ne, yara na tara duwatsu kamar wasa. Da gangan marubuciyar ta yi haka don mai karatu ya saki jiki, kafin ya gane cewa a ƙuri'ar da ƙauyen ke yi kowace shekara, duk wanda ta faɗa kansa jifa za a yi masa har lahira.

A ganina jigon shi ne bin al'ada ido rufe, kuma a halin taurarin za ki tsinto shi. Tsoho Warner ya halarci ƙuri'ar sau 77, yana kiran masu son dainawa wawaye. Baƙin akwatin da ake zaro takardun ƙuri'ar daga cikinsa ya tsufa, amma ba mai yarda a canja shi.

Tessie Hutchinson ce ta fi ɗaure min kai. Ta zo a makare tana raha, ba ta ga aibin abin ba sai da ƙuri'a ta faɗa gidanta, har ta nemi a saka 'yarta mai aure a ciki. Ki sake duba wurin da aka miƙa wa ƙaramin ɗanta tsakuwa lokacin da za a jefe ta.