Kun Tambaya: Allurar Korona Da Sabon Nau'in Cutar

Tambaya: Malama, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Surukata mai ciwon suga ta yi allurar korona sau biyu, amma maigidana ya hana ta ƙarawa. Wai tunda cutar tana sauya kama, allurar ba ta da amfani. Gaskiya ne?
Daga wata 'yar Aboabo, Kumasi.

Amsa: 'Yar'uwa, na san kullen makonni uku da aka yi wa Kumasi da Accra daga 30 ga Maris 2020 ya bar wa 'yan kasuwa haushi, ni ma ban manta ba. Amma maigidanki ya haɗa abu biyu. Ƙwayar cutar tana sauyawa, haka ne. Omicron, nau'in cutar da ya ɓulla a Nuwamban 2021, ya kama har waɗanda suka yi allura. Babban aikin allurar shi ne rage tsananin ciwo, kada mutum ya kai ga kwanciya a asibiti, kuma kariyar tana raguwa bayan watanni. Tsohuwa mai ciwon suga tana sahun gaba cikin masu buƙatar ƙarin allura. Kada ki yi musu da shi a gaban Hajiya. Ki lallaɓa shi ya raka ta ranar awon suganta, da katin allurarta, ya ji daga bakin likita.