Lauyana ya karɓi kuɗi ya ɓace, ya zan yi?

Ɗan'uwa, na karanta abin da ka faɗa, cewa kamfani ya sallame ka ba a biya ka haƙƙinka ba, ka ba lauya kuɗi, wata biyar ke nan ko wayarka ba ya ɗagawa. Wallahi abin ya taɓa ni, Allah Ya fitar maka da haƙƙinka.

Kafin komai, je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ƙafarka, tun gyaran tsarin mulki na 2010 ita ce ke sauraron rikicin ma'aikaci da mai aiki, kuma tana da reshe a Kano da Kaduna. Ka tambaya a rajistara ko an ma shigar da ƙarar, domin wani lauyan zai ce maka “ana kai” alhali ko lambar ƙara babu, kai kuwa kana gida kana jiran gawon shanu, lokaci na tafiya.

Kana da ikon canza lauya, sabon zai sanar da kotu a rubuce. Rubuta wa tsohon takarda ka nemi fayil ɗinka da lissafin kuɗinka, ka riƙe kwafi. Risit, alat na banki, saƙonnin WhatsApp, kar ka goge ko ɗaya.

In ya yi biris, kai ƙorafi reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya (NBA) na garinku, sannan akwai kwamitin ladabtar da lauyoyi, LPDC, wanda ke iya dakatar da lauya ko ma soke sunansa gaba ɗaya. Takardar sallamarka fa, asalin tana hannunka ko ita ma ka ba shi?