Amsa ga ƙanina kan kalmar "loud"

Ƙanina, saƙonka ya sake isowa. Ka ce kana shirin jarrabawar IELTS ta gwajin Turanci, in yi maka bayanin kalmar "loud" da asalinta. Ma'anar ƙamus ka riga ka sani: sauti mai ƙarfi. A tsohon Ingilishi "hlud" ake cewa, Jamusawa na da "laut". Masana sun bi sawunta har zuwa wata tsohuwar saiwa mai nufin ji da kunne, wadda ita ce ta haifi "listen". Abin da aka ji labarinsa shi ne sananne, shi ya sa sunayen Ludwig da Louis, da suka fito daga wannan saiwa, ke nufin wanda ya yi suna a fagen yaƙi. Wannan ya ishe ka na jarrabawa.

Amma nan Ingila, in aka jefe ka da ita, ba yabo ba ne. Ana nufin ba ka da kamun kai, ka cika wa mutane kunne. Ni a wurin aiki aka faɗa mini. Lokacin hutu ne, ina gaisawa da Hajiya a waya, sai shugabar sashenmu ta ja ni gefe tana murmushi, wai abokan aiki sun ɗauka faɗa nake yi. Gaisuwa fa! Wallahi abin ya ci mini rai, ni da a gida ake cewa in ɗaga murya ba a jin maganata. Har tufafi suna kira da wannan kalma, in launinsa ya cika ɗaukar ido.

Sannan akwai doka. Dokar hayaniya ta 1996 ta ƙayyade dare daga ƙarfe 11 zuwa 7 na safe. Sau da yawa maƙwabci ba zai ƙwanƙwasa maka ƙofa ba, ƙaramar hukuma zai rubuta wa, sai dai ka tsinci takarda. Tsofaffin gidajen nan daɓen benensu katako ne, takunka ma na ƙasa yana ji. Da azumi, tun dare nake markaɗa kayan miya, don in na kunna injin da sahur na jawo wa kaina magana. Kiran salla kuwa, a yawancin masallatai ba ya fita waje. Wannan har yau ban saba ba.

Alhamdulillahi, yanzu ni ke koyar da sababbin ma'aikata a sashen nan da aka ja ni gefe, kuma da gumina na kai nan. Idan Allah ya kawo ka, kafin ka sa hannu a takardar haya ka tambaya wa ke zaune ƙarƙashinka, kuma ka taho da abin sawa a kunne na waya.