Ina yuraniyom ɗinmu yake ƙarewa?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, nan Maraɗi. Yuraniyom na Arlit, in ya gama aiki a tashar lantarki, zubar da shi ake?

Amsa: Ɗiyata, Faransa dai ba ta zubarwa, sake sarrafa shi take yi. A masana'antar La Hague ake yanka sandunan yuraniyom da aka yi amfani da su a tashar, a narkar da su cikin asid nitrik, sannan a kaɗa da wani sinadari, TBP, gauraye da mai irin kananzir. Yuraniyom da fulutoniyom (wani ƙarfe da ke samuwa cikin sandar yayin aikinta) su bi man nan, sauran su tsaya cikin asid, kamar yadda man gyaɗa ke tasowa in ana tuyar ƙuliƙuli. Kusan kashi 95 cikin 100 na sandar yuraniyom ne, fulutoniyom kuwa kashi 1.

Wahalar tana cikin ragowar. A cikinta akwai ƙarafan amerikiyom da kuriyom, masu daɗewar guba, waɗanda suka yi kama ƙwarai da wasu ƙarafan ragowar da ake kira lantanaid, halinsu ɗaya cikin ruwa, raba su kamar tsince gero daga maiwa ne. Shi ya sa har yanzu ake haɗa su duka a narka cikin gilashi, a rufe a tulunan ƙarfe.