Amsa ga mai tambaya kan tsoffin wuraren Yahudawa a Urushalima

'Yar'uwa, kin ce za ki bi ayarin masu ziyara zuwa Urushalima, kina da yini guda na kanki, kina so ki san ko tsoffin wuraren Yahudawa sun cancanci wahalar, ga shi gwiwa tana ɗan damun ki. Sau biyu na je, ga abin da idona ya gani.

Bangon Yamma dai, wato ragowar katangar dandalin tsohon Haikalin Yahudawa inda suke addu'a, ko ba ki nema ba za a kai ki. Ki rufe kafaɗa da gwiwa, ɓangaren mata daban yake, kuma daga yammacin Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar ba a ɗaukar hoto. Amma kada ki tsaya nan. Ki zaga kudu kaɗan zuwa wurin tonon da ke gindin bangon. Akwai titin dutse na zamanin Haikali, da tulin manyan duwatsun da sojojin Roma suka turo daga sama a shekara ta 70 bayan haihuwar Yesu. Har yau suna kwance inda suka faɗo, daɓen ya lotsa a ƙarƙashinsu. Na daɗe tsaye a wurin ban ce uffan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ramin ruwan Hezekiya, sarkin Yahuda, wanda 2 Sarakuna 20:20 a Littafi Mai Tsarki ta ambata. Sarkin ya sa aka fafe dutse tsawon mita 533, daga idon ruwan Gihon zuwa tafkin Siluwam, don kada Assuriyawa su yanke wa birnin ruwa. Ruwan yana gudu har gobe, sanyi ƙarara, a farkon shiga ya kai mini cinya. Duhu kuwa ko tafin hannunka ba ka gani. Na riƙa shafa bango ina jin sawun gatarin mahaƙan. Ta ɓangare biyu suka faro suka haɗu a tsakiya. Rubutun da ya ba da wannan labari an gano shi a 1880, yanzu yana Istanbul.

Maganar gwiwa, ba zan ɓoye miki ba: matakalar sauka tana da yawa, a wasu wuraren sai kin sunkuya, kuma in kin shiga babu juyowa, mutane na biye da ke. In ba za ki iya ba, akwai busasshen rami gajere a gefensa, ki bi shi ki tarar da masu bin ramin ruwan a Siluwam, inda Yesu ya aiki wani makaho ya wanke ido.

Ki kuma san cewa wurin yana cikin Silwan ne, unguwar Falasɗinawa, kuma tonon yana jawo rikici kan gidajensu. Ki gaishe su da mutunci, kada ki ɗauki hoton ƙofar kowa.

Ki tafi da tocila, da takalmin roba mai maɗauri, da zanen canji a cikin leda.