Tambayi Likita: murya, gasar waƙa ta talabijin da batun cire beli

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan karo kusan duk a kan murya suka faɗo. Duk inda aka samu caji da intanet, daga Gadarif zuwa Kasala har Maiwurno a nan Sudan, yaranmu na riƙe da waya suna kallon tsofaffin zagayen Nujum al-Gad na tashar Nil Azraƙ, ko The Voice da Arab Idol na MBC, masu son ƙasida kuma suna bin Munshid Sharja. Suna kallo suna kwaikwayo, maƙogwaro na ɗanɗana kuɗarsa.

Wata budurwa daga Kasala: Likita, da gaske ne ruwan sanyi na kashe murya?

Ba ya kashe ta, ƙanwata. Ƙarancin shan ruwa ne ke busar da ita, balle a zafin Kasala da ƙurar guguwar habub. In mai ƙanƙara na sa ki tari, sha na randa. Ki dai tabbata mai tsabta ne, kin san yadda amai da gudawa ya yi mana.

Wani matashi daga Damazin: Kullum da safe ina shan ɗanyen ƙwai da cokalin man riɗi don murya ta yi laushi. Daidai ne?

Ɓarnar ƙwai kake yi. Hanya biyu ce a wuya, ta abinci a baya, ta iska a gaba, kuma tantanin murya a bakin ta iska yake. Duk lokacin da ka haɗiye abu akwai murfin da ke rufe ta. Da man riɗin zai kai ga tantanin, ƙwarewa za ka yi ka yi ta tari. Ɗanyen ƙwai kuma na iya jawo maka zazzaɓi da gudawa. Dafa shi ka ci. Zuma a ruwan ɗumi na sanyaya maƙoshi, ba laifi, amma kada a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Wata uwa daga Maiwurno: Ɗana mai shekara 13 shi ke ja wa yara baiti a makarantar allo, har yana burin shiga gasar ƙasida a talabijin. Wata uku ke nan muryarsa na karyewa, ta yi kauri ta koma siririya. Kakarsa ta ce belinsa ne ya yi tsawo, a kai shi wurin wanzami a cire. Me za ka ce?

Baiwar Allah, ina roƙonki don girman Allah kada a kai yaron nan. Wannan tambaya ita ta fi tayar mini da hankali, don haka ki yi haƙuri zan ja ta da tsawo, kuma ki karanta wa Inna kakarsa. Na san ƙaunar jikanta ce ta sa ta faɗa, haka ita ma ta taso ta tarar ana yi.

Abin da ke damun ɗanki ba ciwo ba ne, balaga ce. Murya ba daga beli take fitowa ba. Can ƙasa take, bayan zakaran wuya, inda wasu siraran tantani biyu ke haɗuwa su rabu idan iska ta bi ta tsakaninsu. A babban namiji ma tsawonsu bai wuce santimita 2 da rabi ba. In namiji na magana suna kaɗawa kamar sau 120 a daƙiƙa ɗaya, a mace da yaro kuwa fiye da sau 200. Da yaro ya fara zama saurayi sai maƙogwaronsa ya girma, zakaran wuya ya fito, tantanin ya ƙara tsawo da kauri, muryar ta gangara ƙasa. Kafin jikinsa ya saba da sabon tsawon sai ta riƙa suɓuce masa, ya buɗe baki da muryar manya ta ƙarasa da ta yara. Wani wata shida ya wuce wurin, wani sai ya kai shekara ɗaya ko biyu. Duk mawaƙin da kika gani a talabijin, in dai namiji ne, ta nan ya biyo.

Shi belin ɗan naman nan ne da ke reto a ƙarshen ganɗa, kowa da shi aka haife shi. Yana taimakawa wajen toshe hanyar hanci lokacin haɗiya da magana. A wurinsa kuma harshe ke furta ƙaf da kha da gain na Larabci. Yaron da ke karatun Alƙur'ani yana baiti, shi ne za a sa wa aska daidai inda harufansa ke fita? Wuƙar wanzami ba ta isa inda murya take ba, sai dai ta lalata abin da lafiyarsa ƙalau.

Ga abin da muke gani a asibiti bayan an yanke beli, wanda maƙwabtanmu Larabawa ma suke yi da sunan cire risha. Jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, domin wurin cike yake da jijiyoyin jini, ba kuma inda za a ɗaure ba ne. Yaro ya shaƙi jinin ko guntun naman ya faɗa hanyar numfashi. Wurin ya ruɓe, wuya ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Cutar tetanus ta shiga, haƙora su datse, jiki ya sandare. Askar da aka yi wa wani amfani da ita kuma tana iya ɗauko ciwon hanta da ƙanjamau, waɗanda ba za a gani ba sai bayan shekaru. In aka zurfafa yankan, yaro na iya komawa magana ta hanci har abada, ya sha ruwa ya fito masa ta hanci. A wannan hali na yaƙi da muke ciki tun 2023, da samun jinin ƙari da motar kai mara lafiya Sinnar cikin dare ya zama aiki, wa zai jefa ɗansa cikin wannan da hannunsa? Raina na ɓaci ƙwarai idan aka kawo mini yaron da jiya yana wasa da 'yan'uwansa, yau yana kwance fari fat saboda an cire masa abin da bai taɓa cutar da shi ba. Jarirai 'yan kwana uku da ake yi wa haka kafin suna sun fi kowa shiga haɗari, jininsu kaɗan ne.

Ba na raina wanzamai, sana'ar gado ce, da yawansu mutanen kirki ne. Amma wannan aiki ɗaya ya kamata a bar shi.

Abin da za ki yi wa yaron: ya ci gaba da baitinsa a inda muryar ta zauna masa ba tare da yunƙuri ba, kada ya matsa sai ya kai saman da yake kaiwa bara. A roƙi malaminsa ya sauke shi daga jan baiti na ɗan lokaci, ko a ba shi makirufo. A hana 'yan'uwansa yi masa dariya, don abin na ci wa samari rai fiye da yadda iyaye ke zato. In kin ga wuyan na masa ciwo, ko numfashinsa na ƙara, ko muryar ta dishe gaba ɗaya ta wuce mako 3, a kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. In kuma wasiƙar nan ta iske an riga an yanke: jini ko kaɗan ne, zazzaɓi, warin baki, kasa buɗe baki ko kasa haɗiya, a tafi asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Ko bai nuna komai ba a kai shi a duba batun allurar tetanus.

Wani saurayi daga Gadarif: 'Yan gasa na ɗaga murya sama ba wahala, ni kuwa in na gwada sai jijiyoyin wuyana su tashi, washegari ba murya. Mene ne sirrinsu?

Ka sake kallonsu, ƙanena, amma ka bar fuska ka dubi kafaɗa. Wanda ya iya, in ya ja numfashi kafaɗarsa ba ta ɗagawa, cikinsa da haƙarƙarinsa ne ke buɗewa, sannan ya riƙa sakin iskar a hankali. Ka dubi hannunsa kuma: in zai ɗaga murya yana janye makirufo daga baki, in zai sassauta ya matso da shi. Ƙarar da kake ji aikin na'ura ne. Abin da kyamara ba ta nuna maka shi ne masu horarwa sun zaɓa masa ma'aunin da ya dace da muryarsa, ya yi ta bita, kuma akwai abin da ke mayar masa da sautinsa a kunne don kada ya yi ihu. Kai kuwa a gidan biki kake gasa da ganga da janareta.

In aka daɗe ana matsa wa tantanin murya, ƙulli ke fito masa, irin kantar da fartanya ke yi wa hannun manomi. Yawanci hutu da gyaran salon waƙa ke warkar da shi, ba sai an yi aiki ba. Kafin ka fara waƙa ɗauki minti 10 kana "mmm" baki a rufe, daga ƙasa zuwa sama a hankali, ko ka riƙa fitar da sauti ta bututun shan lemo. Rage yawan gyaran murya, kurɓi ruwa a madadinsa. In ta dishe ka yi shiru, kada ka koma raɗa, ita ma gajiyar da tantanin take yi. Kuma ka nemi muryarka. A'isha Falatiya, 'yar Kasala da asalinta namu ne, mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Omdurman a shekarun 1940, da tata muryar aka san ta har yau. Dishewar da ta wuce mako 3, asibiti.

Wata mai waƙar biki daga Bur Sudan: In muryata ta dishe ina zuwa kantin magani a yi mini allurar deksa, cikin awanni ta buɗe. Akwai matsala?

Akwai, 'yar'uwa, babba ma. Deksa, wato maganin dexamethasone, na sauke kumburi ne kawai, raunin na nan. Kumburin shi ke ce miki ki huta, kin rufe masa baki kin hau dandamali, ta haka jijiya ke fashewa jini ya taru a tantanin. Mawaƙiyar Ingila Adele sai da ta soke wasanninta a 2011 aka yi mata aiki a Amurka saboda zubar jini a tantanin murya, ita da ke da likitoci a hannu. Wannan maganin dai shi ne ƙwayar da ake kira abu najma, da mata ke sha don ƙiba: yana hawar da sukari da jini, ya kumbura fuska, ya raunana ƙashi, ya karya garkuwar jiki. Ban san dalilin da zai sa a riƙa tsira wa mutum shi ba takardar likita ba. In kin daɗe a kansa kada ki yanke rana ɗaya, hakan ma haɗari ne, je ki likita ya rage miki a hankali. Ranar da murya ta ɗauke miki farat ɗaya ana tsakiyar waƙa, ajiye makirufo, kada ki ƙara cewa uffan, ki nemi likitan maƙogwaro cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wani ɗalibi daga Madani: In na tsaya gaban jama'a sai gwiwata ta yi rawa, baki ya bushe. Abokina ya ce in sha tiramadol.

Kada ka kuskura. Yana sa farfaɗiya, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi. Ƙwayar rage bugun zuciya da wasu ke ba juna ma na iya toshe numfashin mai asma. Rawar gwiwa kowa na yi, har waɗanda alƙalan The Voice ke juyo musu da kujera. Ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, kafa ƙafafunka biyu da kyau, ka haddace baitin farko har ya zama ba sai ka yi tunani ba. Fara da mutanen gida.

Wata matar aure daga Kosti: Ina tashi da safe murya a shaƙe, ga ɗaci a baki.

Alamar ƙwannafi ce. Ki bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, ki rage jabana (kofi) da shatta (barkono) da maiƙo, ki ɗaga gadon ta wajen kai. In bai sauya ba cikin 'yan makonni, ko abinci na tsaya miki, a duba ki.

Wani magidanci daga Gadarif: Mahaifina mai shekara 60 ya daɗe yana madihu, wato waƙar yabon Annabi. Wata biyu ke nan muryarsa a dishe, ba mura ba tari. Yana sa tumbak (tabar da ake cusawa a leɓe), da can yana shan sigari. Muna masa hayaƙin garad (bagaruwa) yana tsotsa, ba sauyi.

Malam, wannan ba ta jira ba ce, a kai Baba asibiti cikin makon nan. Dattijon da ya sha taba, muryarsa ta dishe wata biyu ba dalili, dole a leƙa maƙogwaronsa a tabbatar ba ciwon daji ba ne. Ban ce shi ne ba, yana iya zama ƙulli, ko ƙwannafi, ko tarin tibi da ya taɓa maƙogwaro. Amma ba mai iya sani sai an gani da ido. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro zai zura ɗan siririn bututu mai fitila ta hanci, minti kaɗan ne, ba a ma kwantar da mutum. Dajin tantanin murya in an kama shi da wuri yana cikin masu jin magani sosai, sau da yawa har muryar ta tsira. In aka yi ta jinkiri, sai ya kai ga cire maƙogwaron dungurungum.

A daina hayaƙin bagaruwar nan, hayaƙi kowane iri ƙara fusata wurin yake yi, in ana son sirace a yi da ruwan zafi zalla. Tumbak ma ya ajiye, kuma ku ce likita ya duba leɓensa da dasashinsa inda yake sa shi. Ku gaya wa likitan ko Baba ya rame, ko yana jin ciwon kunne gefe ɗaya, ko akwai ƙulli a wuya, ko jini a kaki. In babu mai wannan na'ura kusa da ku, ku nemi takardar turawa zuwa Kasala ko Bur Sudan, ku haɗa kuɗin mota tun yanzu. In kuwa numfashinsa ya fara ƙara ko ya kasa kwanciya saboda shaƙewa, ku ɗauke shi zuwa sashen gaggawa a wannan sa'ar. Allah ya ba shi lafiya.